Dashen Ƙoda da Ɓargo: Me Ya Sa Jiki Ke Ƙin Abin da Ba Nasa Ba?

Duk mazaunin Suleja ya saba da irin wannan sanarwar. Ko dai a yi ta bayan an sallame sallar Juma'a, ko ta zagayo a WhatsApp tare da hoton wani bawan Allah, fuska da ƙafafu a kumbure: ƙodarsa ta daina aiki, zirga-zirgar wankin ƙoda ta cinye abin da gidan ya mallaka, likitoci a Abuja sun ce sai dashe, ƙaninsa ya amince zai ba da tasa, saura kuɗi. Sai a ambaci miliyoyin da ake nema. Jama'a kuwa ba sa ƙasa a gwiwa. 'Yan kasuwa, 'yan acaɓa, ma'aikatan da ke sammakon zuwa Abuja, kowa ya jefa abin da ya sawwaƙa. In aka yi aiki lafiya sai a yi hamdala, a rufe asusu, kowa ya kama gabansa.

A nan nake ganin muna yin kuskure, kuma kuskure ne mai cin rai. Kuɗin da ake ambata galibi na tiyata ne da kwanakin jinya, alhali kuwa babban aikin yana farawa ne ranar da aka sallami mutum. Dalilin haka abu guda ne, wanda likitoci ke sa wa a gaba tun kafin su ɗauki wuƙa: wanda ya bayar da wanda ya karɓa ba su gaji ƙwayoyin halitta iri ɗaya ba, kuma jikin mai karɓa ya san da haka, ba zai taɓa mantawa ba.

Likitoci na rarraba dashe ne gwargwadon wannan bambanci. Idan aka yanko fata daga cinyar mutum aka rufe masa ƙunar da ke ƙirjinsa, babu wata rigima, nasa ne ya koma masa. Haka nan tsakanin tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya, masu kama ɗaya sak, domin gadonsu ɗaya ne. Ba kowane Hassan da Husaini ba ne haka, Hassan da Hassana kuwa sam ba sa zama haka. Akwai kuma dashe daga dabba zuwa mutum, wanda har yanzu gwaji ake yi: a Janairun 2022 an sa wa wani mutum zuciyar alade da aka sauya wa ƙwayoyin halitta a Jami'ar Maryland ta Amurka, ya yi wata biyu ya rasu. Amma kusan duk dashen da za ka ji labarinsa a Nijeriya daga mutum ne zuwa wani mutum dabam, ko da kuwa uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Wannan shi ne abin da nake son mu duba.

A jikin kusan kowace ƙwayar halitta ta ɗan Adam akwai wasu alamomi da ake kira HLA. Wasu daga cikin fararen ƙwayoyin jini, waɗanda muke kira sojojin jiki, suna samun horo tun mutum yana cikin uwa, a wani ƙululu da ke bayan ƙashin ƙirji, su san alamomin jikinsu, su kuma far wa duk abin da ya zo da wata alamar. Kamar 'yan sintirin unguwa ne da suka haddace fuskar kowa, in suka ga baƙuwar fuska tsakar dare ba sa tsayawa tambayar alherin da ya kawo ta. Da haka jiki ke kare kansa daga ƙyanda da tarin fuka, da haka kuma yake far wa ƙodar da aka sa masa don a ceci ransa.

An gano wannan ne a kan masu ƙuna. A 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, Peter Medawar da likitan fiɗa Thomas Gibson suka bi diddigin wata mata a Glasgow da aka rufe wa ƙuna da fatar ɗan'uwanta. Fatar ta kama, daga baya ta lalace. Da aka sake ɗauko wata daga jikin mutumin, sai ta lalace cikin sauri fiye da ta farko. Ashe jiki yana tuna wanda ya taɓa haɗuwa da shi. Shi ya sa dashen ƙoda na farko da ya ɗore ya kasance tsakanin tagwaye masu kama ɗaya, wanda Joseph Murray ya yi a Boston ranar 23 ga Disamba, 1954. Richard Herrick ya karɓi ƙodar ɗan'uwansa Ronald, ya rayu shekara 8 da ita ba tare da maganin danne garkuwa ba. Gwanintar hannu ta riga ta samu tun a lokacin. Abin da ya rage shi ne yadda za a yi da sauran mutane, waɗanda ba su da ɗan tagwaye. A 1958 Jean Dausset na Faransa ya gano alama ta farko daga cikin HLA, daga nan aka fara auna kusancin mai bayarwa da mai karɓa a ɗakin gwaji.

Yadda ake gadon waɗannan alamomi ya cancanci a tsaya a kansa, don ya shafi tsarin gidajenmu kai tsaye. Suna zaune ne wuri guda a kan kuromosom na 6, kuma a dunƙule ake gadonsu: ƙunshi ɗaya daga uba, ƙunshi ɗaya daga uwa. Uba yana da biyu, uwa tana da biyu, don haka ɗa zai iya fitowa da ɗaya daga cikin haɗi huɗu. Ke nan tsakanin shaƙiƙai biyu, damar su dace gaba ɗaya kashi 25 ce cikin 100, damar su dace rabi kashi 50, damar kada su haɗu a komai kashi 25. Uwa da uba kuwa kullum aƙalla rabi suke dacewa da ɗansu. Wanda yake da shaƙiƙai huɗu, damar a samu aƙalla ɗaya da ya dace da shi sak ta kai wajen kashi 68. A nan yawan haihuwa ya yi mana rana.

Sai dai a gidan mata uku ko huɗu za a iya ƙirga 'ya'ya ashirin, amma 'yan ɗaki ɗaya ne kawai ke shiga wancan lissafin. Ɗan uba, iyakarsa ya dace rabi, kuma ko hakan sai an taki sa'a, sai fa in iyayen mata dangin juna ne. Ɗan'uwan shan nono, duk da matsayinsa a shari'a, a wannan awo daidai yake da bare. Auren zumunci kuma yakan kawo abin mamaki: tun da miji da mata na iya haɗa ƙunshi ɗaya daga kakanninsu, wani lokaci a tarar uwa ko ɗan baffa sun dace da majinyaci sak. Shi ya sa ba a yanke hukunci da ido ko da kamannin fuska, sai an ɗibi jini.

Kafin HLA ma akwai rukunin jini, wanda Karl Landsteiner ya bayyana a 1901. Ƙarin jini shi ne nau'in wannan dashe da kowa ya sani. Da wuya ka samu magidanci a Suleja da bai taɓa tsayawa a Babban Asibiti ana neman mai irin jinin matarsa ko ɗansa ba. Jajayen ƙwayoyin jini kusan ba sa ɗauke da HLA, shi ya sa rukuni kaɗai kan wadatar. Ƙoda kuwa tana bukatar a duba duka biyun, sannan a yi gwaji na uku, wanda ya fi su muhimmanci: a haɗa ruwan jinin mai karɓa da ƙwayoyin mai bayarwa a ga ko za su yi faɗa. Paul Terasaki da abokin aikinsa sun nuna a 1969 cewa in suka yi faɗa a kwalba, ƙodar na iya mutuwa cikin mintuna, tun majinyaci yana kan gadon tiyata.

Me zai sa jinin mutum ya riga ya ƙullaci ƙodar da bai taɓa gani ba? Abu uku ne: dashen da aka taɓa yi masa, ƙarin jini, da ciki. Na ƙarshen nan ya fi damuna, domin ya faɗa kan matanmu. Jariri rabinsa na uba ne, don haka ga jikin uwa baƙo ne, amma cikin ikon Allah mahaifa ta riƙe shi wata tara lafiya, abin da har yau masana ke neman kwaikwaya. Duk da haka jikin uwa na iya haddace alamomin mijin ta hanyar 'ya'yansa. Matar da ta haihu takwas ko goma, aka kuma taɓa ƙara mata jini a wata haihuwar, in ƙodarta ta lalace, ana iya tarar da cewa mijinta da 'ya'yanta, waɗanda suka fi kowa son ba ta, su ne jikinta zai fi saurin ƙi. Namiji kuwa sau da yawa yakan karɓi ƙodar matarsa ba tare da wannan cikas ba. Haka ma mai wankin ƙoda da ake yawan ƙara wa jini, kowace leda na iya rage masa yawan waɗanda zai iya karɓa daga gare su nan gaba. Wanda ke da niyyar dashe ya kamata ya faɗa wa likitansa tun da wuri, don a nemi allurar ƙara jini a maimakon leda inda hakan zai yiwu.

Kada a ɗauka cewa sai an dace sak ake dashen ƙoda. Tun 1995 binciken Terasaki ya nuna cewa ƙodar miji ko mata, duk da babu dangantakar jini, tana ɗorewa sosai, domin ta fito daga mai rai kuma lafiyayye. Abin da ya sa hakan ya yiwu shi ne magungunan danne garkuwar jiki. A farkon shekarun 1960 an dogara da azatiyofirin da farednisolon. Da Christiaan Barnard ya yi dashen zuciya na farko a Cape Town ranar 3 ga Disamba, 1967, zuciyar ta yi aiki, amma majinyacin ya rasu bayan kwana 18 da ciwon huhu, saboda magani ya karya masa garkuwa. Al'amura sun sauya da zuwan saikulosforin, wanda aka samo daga wata funfuna ta cikin ƙasa, Amurka ta amince da shi a 1983. Shekara guda bayan haka aka gano takrolimus a cikin ƙasar Japan, kuma shi ne ginshiƙin maganin a yau, ana haɗa shi da maikofenolet da farednisolon.

Waɗannan magunguna ba sa sa jiki ya yarda da ƙodar. Danne shi kawai suke yi, awa goma sha biyu bayan awa goma sha biyu, muddin ƙodar tana jikin. In aka tsallake kwanaki, sojojin jiki su farka. Abin da ya fi muni shi ne sau da yawa mutum ba ya jin komai. Yana cin abincinsa yana zuwa kasuwa, ƙodar na lalacewa a hankali, sai gwajin jini ya tona. Shi kuma takrolimus tsakanin amfaninsa da cutarwarsa ɗan taƙi ne: in ya yi kaɗan a jini jiki ya ƙi ƙodar, in ya yi yawa shi kansa ya ɓata ta, ya kuma iya jawo ciwon suga da hawan jini. Dole a riƙa auna shi. Maganin tarin fuka da ake kira rifamfisin yana rage ƙarfinsa ƙwarai, kuma tarin fuka na daga cututtukan da suka fi kama wanda aka danne wa garkuwa a ƙasarmu. Maganin ciwon jiki irin daikulofenak da ake saya a kemis ba tare da takarda ba yana cutar da ƙoda. Jiƙe-jiƙe da sassaƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba na iya sauya ma'aunin maganin. Azumin Ramadan ma sai an zauna da likita an tsara lokacin shan ƙwayar, ko ya ce a dakata. Inda aka kiyaye duk wannan, ƙodar mai rai kan yi shekara 15 zuwa 20, ta shaƙiƙin da ya dace sak takan zarce haka.

A Nijeriya an fara dashen ƙoda a Asibitin St. Nicholas da ke Legas a 2000. A 2002 Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Obafemi Awolowo a Ile-Ife suka bi sahu, na Maiduguri ya fara a 2010. Yau Abuja na cikin wuraren da aka fi yin wannan aiki, musamman a asibitoci masu zaman kansu irin su Zenith Medical and Kidney Centre. Mutumin Kwamba ko Madalla bai fi tafiyar awa guda ba tsakaninsa da ɗakin tiyata, abin da mutumin Kontagora ko Borgu ba shi da shi. Amma kusanci ba ya sayen magani. Daga waje ake shigo da takrolimus da maikofenolet, don haka duk sanda dala ta tashi su ma su tashi, kuma tun 2023 mun ga yadda ta tashi. Gidan da ya sayar da fili da shanu don tiyata, wata shida bayan nan me zai sayar? Sai a fara raba ƙwaya biyu, ko a sha da safe a bar na dare, har a wayi gari an koma kan injin wanki, ƙani kuma ya rasa ƙodarsa a banza.

Saboda haka ina ganin duk kwamitin masallaci ko coci ko ƙungiyar unguwa da zai buɗe gidauniya, ya fara zuwa wurin likita ya ce a rubuta masa kuɗin magani da gwaje-gwaje na wata-wata, ya sa aƙalla na shekara biyu a cikin abin da zai nema, ya kuma ajiye shi dabam. Gwamnatin Jihar Neja ma, in tana son taimaka wa masu ciwon ƙoda, sayen waɗannan magunguna a dunƙule da saka su cikin tsarin taimakekeniyar lafiya zai fi amfani a kan tallafin lokaci ɗaya da ake ba mutum ɗaya. Riƙe ƙodar da aka riga aka dasa ya fi wanki sau biyu ko uku a mako araha, kuma mutum yana iya komawa sana'arsa.

Ta fuskar addini, Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya a zamanta na Jidda a 1988 ta halatta dashe bisa sharuɗɗa, ta kuma hana sayar da sassan jiki. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ita ma ta haramta karɓar kuɗi a kan hakan. Tun da a Nijeriya kusan dukkan ƙodar da ake dasawa daga masu rai take fitowa, matsin yana kan dangi da kuma talaka. Shari'ar Sanata Ike Ekweremadu a Landan, inda aka yanke masa ɗaurin shekara 9 da wata 8 a 2023 bayan an kai wani matashi mai talla daga Legas a matsayin ɗan'uwa don a ciri ƙodarsa, ta nuna inda abin kan kai. Garuruwan da ke kewaye da Abuja cike suke da samari marasa aikin yi, kuma ya kamata a gaya musu gaskiya: mutum na rayuwa lafiya da ƙoda ɗaya ne idan an tantance shi da kyau kafin a cira, aka kuma ci gaba da duba hawan jininsa da fitsarinsa kowace shekara. Dillalin ƙoda ba ruwansa da ko ɗaya. Ko a cikin dangi ma, tantancewar ba wasa ba ce, don hawan jini da ciwon suga na bin gida, kuma akwai wani gado mai suna APOL1 da ya yawaita a Afirka ta Yamma, wanda ke ƙara haɗarin ciwon ƙoda. Sannan matashin da aka tara masa manya aka ce ya ceci yayansa, ba lallai ne "to" ɗinsa ta zama yarda ba. Ya kamata likita ya gana da shi shi kaɗai.

Dashen ɓargo kuwa ya juya lissafin gaba ɗaya, kuma shi ne ya shafi masu sikila, waɗanda ake ƙiyasta ana haihuwar kimanin 150,000 daga cikinsu a Nijeriya duk shekara. A ɓargo ake ƙera jini, har da sojojin jiki. Idan aka kashe ɓargon majinyaci da magani mai ƙarfi aka ɗura masa na wani ta jijiya, to sojojin da za su tashi na mai bayarwa ne, kuma su ne za su iya ganin jikin majinyacin gaba ɗaya a matsayin baƙo. Sai su far wa fata da hanji da hanta: ƙuraje, gudawa mai tsanani, shawara. Wannan ciwo na iya kisa. Shi ya sa a nan dacewar HLA ta fi tsauri nesa ba kusa ba, rukunin jini kuma ba ya hana aiki. Hasali ma jinin majinyaci komawa yake irin na mai bayarwa. Abin farin ciki shi ne in aka tsallake watannin farko lafiya, sababbin sojojin kan saba da jikin, a janye magani a hankali cikin shekara guda ko makamancin haka, abin da mai dashen ƙoda ba ya samu.

An fara ba da rahoton warkewar sikila ta wannan hanya a 1984 a Amurka, a kan wata yarinya da aka yi wa dashe saboda sankarar jini. A Nijeriya, Farfesa Nosakhare Bazuaye ya jagoranci na farko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin a 2011, inda wani yaro ya karɓi ɓargon yayansa, sannan Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas ya fara nasa shirin a 2024. Ga yaran da suka samu shaƙiƙin da ya dace sak, fiye da 90 cikin 100 na warkewa a cibiyoyin da suka ƙware. Amma shaƙiƙin nan sai ya dace, kuma kada shi ma ya zama SS. AA ko AS duk suna iya bayarwa. In ka haɗa sharuɗɗan biyu, damar kowane shaƙiƙi 3 ce cikin 16. Neman bare kuwa ya fi mana wuya, domin 'yan Afirka sun fi kowa bambancin HLA, kuma suna daga cikin mafi ƙaranci a rajistar masu bayarwa ta duniya. Wannan ne ya sa dabarar da aka ɓullo da ita a Jami'ar Johns Hopkins, ta dashe daga wanda ya dace rabi, take da muhimmanci gare mu: uwa, uba, har ɗan uba na iya shigowa.

Akwai abu biyu da ya wajaba a faɗa wa iyaye kafin su sa hannu. Maganin da ake kashe tsohon ɓargo da shi na iya hana haihuwa, kuma a al'ummarmu wannan ba ƙaramar magana ba ce. Na biyu, ɓargo ne aka sauya, ba a taɓa ƙwayayen haihuwa ba. Yarinyar da ta warke, in ta isa aure aka je gwajin jinin da iyaye da limamai ke nema yanzu kafin ɗaurin aure, takarda za ta nuna AA ko AS, wato jinin wanda ya ba ta. Amma duk ɗan da za ta haifa zai gaji S daga gare ta, kuma in mijin AS ne, kowane ciki yana da damar rabi da rabi ya zo da sikila. Don haka a ajiye takardun dashen wuri mai kyau, a nuna wa mai gwaji da dangin manemi, kuma wajen zaɓen miji a lissafa ta a matsayin SS.